Waya, kaye da kunne: jagora ga matashin marubuci a Tawa

Yawancin yaran da ke rubutu a Tawa yau ba da bik da kaye, wato alƙalami da littafin rubutu, suka fara ba. Da waya suka fara: baiti biyu a WhatsApp, labari kashi-kashi a Facebook, waƙar da aka rera a TikTok bayan sallar isha. Ba laifi ba ne. Matsalarmu dai a nan Nijar dabam take da ta ƴan'uwanmu na Kano ko Sakkwato. Mun sha Hausa a nono, amma da Faransanci lakwal ta koya mana riƙe alƙalami. Sai ka ga yaro mai zaƙin baki, wanda in ya ɗauko labari a fada har shayi ya huce ba a farga ba, ya zo rubutawa ya sa "ina tchikin guida". A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma takardar gwamnati ba ta koya wa kowa raba kalma. Wannan aikinka ne, kuma da waya ɗaya da forfe (kuɗin intanet na waya) kaɗan ana yin sa, in an bi shi daki-daki. Zan riƙa cewa "ka", amma ƙanwata da ke rubutu a ɗaki bayan an gama aikin gida, har da ke nake.

Mataki na farko: ka koya wa wayarka Hausa

Kafin ka rubuta komai, shiga saitin allon madannai. Idan Gboard kake da shi, je wurin harsuna ka ƙara Hausa. Haruffan nan huɗu masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, ko dai su fito a fili, ko ka danna b, d, k, y ka riƙe sai su bayyana. Sannan ka kashe gyaran kalma na kai-tsaye muddin Faransanci na kunne, in ba haka ba wayar za ta yi ta mayar da kalmominka wasu abubuwan da ba ka nufa ba. Mai aiki da kwamfuta ya sauke Keyman, kyauta ne, ya ɗora madannan da ke da haruffan Hausa.

Kada ka raina ƙugiyar nan. Wanda ya rubuta "ta bata masa" alhali "ta ɓata masa" yake nufi, ko "baki" a wurin "baƙi", ya jefa mai karatu cikin lalube, kuma alƙalin gasa daga layin farko yake gane wanda bai san aikinsa ba. Akwai bambanci ɗaya tsakaninmu da Najeriya: dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 da ta tsara rubutun Hausa a Nijar ta ɗauki ƴ, su kuwa can 'y suke sawa. Duka biyun daidai ne. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai cikin aiki guda, in kuma za ka aika wa gidan jarida ko gasar Najeriya, ka juya zuwa nasu kafin ka tura.

Ranar da za ka kai rubutu shagon buga takardu, ka roƙi a fitar maka da shafi ɗaya tukuna. Wasu zanen haruffa ba su san ƙ da ƴ ba, sai su bar ɗan akwati a gurbinsu. Charis da Andika na ƙungiyar SIL kyauta ne kuma suna da su duka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka mayar da aikin PDF tun a wayarka, ka duba shi da idonka, sannan ka kai.

Mataki na biyu: ka wanke hannunka daga rubutun lakwal

Wannan ne wurin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda samari suka fi gudu. Ƙa'idar Hausa galibi sauti ɗaya harafi ɗaya ce, saɓanin Faransanci. Babu "ou", u ne: kunu, ba "kounou" ba. Babu "tch", c ne: ciwo. Babu "dj", j ne. Inda Faransanci ke sa "ch", mu sh muke sawa: shinkafa. Ba a cusa u bayan g don a taurara ta: gida, gero. Ba a ɗora wa e wata alama a ka, ba a kuma ninka s don kada ta zama z: kasuwa, ba "kassoua" ba.

Bayan haruffa sai raba kalmomi, inda har waɗanda suka yi Hausa a makaranta ke tuntuɓe. Ga waɗanda suka fi dawowa a rubutun matasa. "Ne" da "ce" a ware suke: shi ne, ita ce. "Za" a ware take: za ka, za mu, sai dai zan da zai. Wakilin suna da aiki ya faɗa wa a ware yake: ya ba ni, ta gan shi, sun kira mu. Na mallaka kuwa manne yake: gidansa, rigarta, garinmu. Yana, tana, suna, yake, suke, a haɗe suke. "A kan" tebur dabam, "akan" yi ruwa a watan Agusta dabam. Ka riƙa sa alamar ɗauri a ma'aikaci, jama'a, sana'a.

Karanta ƙa'ida ba ya zaunar da ita a hannu. Abin da ke zaunar da ita shi ne kwafi. Buɗe shafin Hausa na BBC, ko na DW, ko jaridar Aminiya, ka zaɓi sakin layi ɗaya, ka kwafe shi da bik cikin kaye kowace safiya. Ba salonsu nake so ka ɗauka ba, domin Hausar labarai sau da yawa fassara ce, kana jin ƙashin wani harshe a ƙarƙashinta. Raba kalmominsu kawai za ka ɗauka. Idan hannu ya fara faɗawa, je Wikipedia ta Hausa ka buɗe asusu, ka rubuta ɗan bayani a kan garinku, Kaita ne, Buza ne, Madawa ne. Wasu za su zo su gyara maka, kuma tarihin shafin zai nuna maka kowane harafi da aka taɓa. Makaranta ce ta kyauta, ga shi kuma garinku ya samu shiga.

Mataki na uku: Adaranci, Hausarmu ta yankin Adar, ko daidaitacciyar Hausa?

Nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Na sha ganin matasan Tawa suna goge Hausarsu gaba ɗaya don su yi kama da marubutan Kano, har tsohuwar Bambai a labarinsu ta riƙa magana kamar ƴar jami'a a fim. Asara ce. Marubutan da ke rubuta Kananci sun fi a ƙirga, kuma sun fi ka iya shi. Abin da mai karatu na can ba ya samu a wurin kowa shi ne "munka", "anka", "yat tahi", "shina", "gidanai", "biyat", da yadda dattijon Adar ke karya magana in ba ya so ya ce a'a kai-tsaye.

Dabarar da ta fi aiki ita ce raba muryoyi. Mai ba da labari ya yi daidaitacciyar Hausa, domin ɗan Zariya da ɗan Kumasi su bi ka ba wahala. Mutanen cikin labarin kuma su yi maganar garinsu:

Tsohon ya daɗe yana kallon buhun kafin ya ɗago kai. "Bara da munka kai albasa Galmi, haka anka yi muna. Ni ban sake ba su bashi."

Ba a fassara komai ba, kuma ba wanda ya ɓace. Haka ma kalmomin aro. Ɗan Tawa lakwal yake zuwa, mushe ke koyar da shi, kuran ake ɗauke masa, jaka biyar yake nema. Bar su a bakin mutanenka. Jimlar da ke kewaye da kalmar ita za ta bayyana ta. A waƙa kuwa kana da ƴanci fiye da haka: mawaƙan Hausa tun na ƙarni na 19 a Sakkwato da karin harshen yamma suka yi rubutu, ba kuma wanda ya ce musu sun yi kuskure.

Mataki na huɗu: abin karantawa da inda yake

Fara da ƙamus. Na Bargery, wanda ya fito a 1934, yana intanet, ana iya bincika kalma a cikinsa. Bayaninsa da Ingilishi ne, amma ko ba ka jin Ingilishi sosai misalansa na Hausa sun isa dalilin buɗe shi, kuma yakan nuna kalmar da ta fito daga Sakkwato, ko Katsina, ko Gobir. Sau da yawa kalmar kakarka da ka ɗauka ta ƙauye ce za ka tarar da ita a ciki da ma'anoni uku. Ƙaramin ƙamusun Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini shi ya fi dacewa da wanda ya yi lakwal, na Jami'ar Bayero na 2006 kuma Hausa zuwa Hausa ne. Waɗannan biyun a takarda aka fi samun su, in wani zai je Yamai ko Kano ka ba shi saƙo.

Shafin Amsoshi yana tara nazarce-nazarcen adabi da al'ada da Hausa, yana da amfani ga mai son sanin yadda malamai ke feɗe waƙa. Internet Archive yana da tsofaffin littattafan tatsuniyoyi da karin magana da aka tattara tun zamanin Turawa. Gallica, na ɗakin karatun ƙasar Faransa, yana da rahotanni da taswirori na lokacin mulkin mallaka. Jami'ar Boston ta Amurka ta ɗora hotunan rubuce-rubucen ajami na Hausa, wanda ya yi makarantar allo zai karanta su da ɗan ƙoƙari. Mai son rubuta wa yara ya duba African Storybook, StoryWeaver da Bloom Library, duka suna da littattafan Hausa kyauta, kuma suna ba ka damar fassara ko ƙirƙirar naka. Sai dai ka karanta sharaɗin lasisinsu kafin ka ɗora: yawanci yana halatta wa kowa ya kwafa ya kuma sake fasalin aikin, muddin ya ambaci sunanka.

Wattpad da ArewaBooks cike suke da labaran Hausa. Karanta su don ka ga abin da ke riƙe mai karatu har ƙarfe biyun dare, domin wasu marubutan can sun iya ɗaure ƙarshen babi ƙwarai. Kada dai ka koyi rubutu a can. Ingilishi da Hausa a cakuɗe suke, ƙugiya babu, kuma attajirin saurayi mai girman kai da yarinyar talakawa an aurar da su sau dubu.

Ka sauke abu lokacin da forfe ke da sauƙi ko inda ka samu wifi, ka karanta daga baya ba tare da intanet ba. Littafi ɗaya da ka karanta har ƙarshe ya fi fayil ɗari da ke kwance a waya.

Ba komai ne ke intanet ba. In ka je Yamai, cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana ajiye da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa. Cibiyar CELHTO, da aka kafa a 1968, aikinta adana tarihin baka ne. Wanda ke son gina labari a kan Adar ta dā ya nemi littafin Djibo Hamani na 1975 a kan tarihin yankin kafin zuwan Turawa, mutumin da jami'armu ta Tawa ke ɗauke da sunansa.

Mataki na biyar: ka yi aiki da kunne

Manhajar da ta fi kowace amfani a wayarka ita ce ta ɗaukar murya. Zauna da goggonka tana surfe, da mai kirarin ƴan kokowa, da dillalin dabbobi ranar kasuwa, da ɗan bida, wato ɗan ci-rani, da ya dawo daga Abijan ko Libiya. Nemi izini tukuna: "Inna, in ɗauki muryarki don in riƙa tunawa?" Idan ta ƙi, ka bari. Idan ta yarda, kada ka watsa muryar a ko'ina sai ta sake yarda. Da ka koma gida ka rubuta minti biyar na maganar kamar yadda ta fito, har da inda ta katse ta koma baya. Nan za ka ga cewa mutane ba sa amsa tambayar da aka yi musu, ba sa gama jimla in ransu ya ɓaci, kuma ba sa faɗin "ina cikin baƙin ciki". A YouTube akwai tsofaffin faya-fayan makaɗa irin su Ɗan Gurmu da Sagalo. Saurara da kaye a hannu, ka lura da inda suke maimaitawa da inda suke yanke numfashi.

Mataki na shida: ga mai waƙa, kari kafin ƙafiya

Yawancin waƙoƙin da matasa ke ɗorawa suna da amsa-amo, wato ƙafiya, amma ba su da kari. Kowane layi ya ƙare da "wa" ko "ya", sai dai ɗaya gajere ne ɗaya kuma ya yi tsawon igiyar guga. Rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya. Gaɓa iri biyu ce. Marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "gi" a gida. Mai nauyi ita ce mai dogon wasali, kamar "da" a gida, ko mai tagwan wasali kamar "yau", ko wadda baƙi ya rufe kamar "can". Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka kunne ne alƙali. Ga baiti ɗaya da na tsara don gwaji:

Ruwa ya zubo yau a gonar uba,
A sa mai riƙon sungumi can gaba.

Karanta shi da ƙarfi kana buga yatsa a gwiwa. Za ka ji gajere, dogo, dogo, sau uku, sannan gajere da dogo a ƙarshe: ru-wa-ya, zu-bo-yau, a-go-nar, u-ba. Layi na biyu haka yake bi sawu da sawu: a-sa-mai, ri-ƙon-sun, gu-mi-can, ga-ba. Wannan shi malaman aruli, wato ilimin auna waƙa, ke kira Mutaƙarab, ɗaya daga karuruwan da Hausa ta aro daga Larabci tare da su Kamil, Ramal, Rajaz da Basiɗ. Yanzu cire "zubo" ka sa "sauko". Ma'ana ba ta canja ba, amma "sau" mai nauyi ce a gurbin da ake son marar nauyi, kuma za ka ji layin ya yi ɗingishi.

Ba dole ne ka haddace sunayen karuruwa ba. Mawaƙa da yawa murya suke fara samu, su rera, sannan su zuba kalmomi a cikinta. Yi haka: ɗauki murya ɗaya, rera baitin farko a waya, ka auna duk sauran baitocin da shi. Duk layin da ya tilasta maka ka ja wasalin da ba ja gare shi ba, ko ka haɗiye gaɓa, sake shi. Fara da ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu. Ƙwar biyar, inda layuka huɗu ke da ƙaramin amsa-amo na biyar kuma ya riƙe babban amsa-amon waƙar gaba ɗaya, sai hannu ya nuna. Ka kuma guji ƙafiyar arha: cusa "fa" ko "kuwa" a ƙarshen layi don kawai sauti ya dace. In kana son ganin yadda gwanaye suka yi, nemi waƙoƙin Nana Asma'u, Sa'adu Zungur, Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, ka rera su, kada ka karanta su da ido kawai.

Mai waƙar da ba ta bin kari, irin ta dandali da ake karantawa a gaban jama'a, shi ma ya yi wannan horon. Wanda ya san kari ya ajiye shi da gangan ana jin bambancinsa da wanda bai taɓa saninsa ba.

Mataki na bakwai: ga mai labari

Fara da gajere, kalmomi 1000 zuwa 1500, mutum biyu ko uku, matsala ɗaya. Kada ka buɗe da fitowar rana ko da bayanin kyawun yarinya daga gashi zuwa ƙafa. Shiga inda abu ya riga ya lalace. Maimakon ka rubuta cewa matan ƴan bida suna shan wahala, nuna mace ɗaya a layin gidan aika kuɗi, lambar da mijinta ya karanto mata a waya tana rubuce a bayan kwalin sukari, gumi ya cinye harafi na ƙarshe, mai taga yana cewa "Hajiya, lambar ba ta cika ba", ita kuwa ba ta da kuɗin kiran Abijan. Ba sai ka ƙara wa'azi ba. Wannan ita ce cutar rubutunmu: shafi na ƙarshe ya koma huɗuba, a tara kowa a falo wani dattijo ya rarraba laifi. Mai karatu ba yaro ba ne.

Mataki na takwas: ajiya

Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa ranar da aka wuni ba kuran. Kada ka rubuta labari kai-tsaye a WhatsApp. Rubuta a Google Docs ko Keep, waɗanda ke aiki ba intanet su kuma adana da zarar ka haɗu. Duk babin da ka gama ka aika wa kanka ta imel. Rubuta kalmar sirrinka a takarda ka ɓoye a gida, domin wanda ya rasa layin waya ya kuma manta kalmar sirri ya rasa asusun. Waƙoƙi kuwa, ka kwafe su a kaye.

Mataki na tara: masu faɗa maka gaskiya

"Masha Allah, fasihi" da ake zuba maka a Facebook ba gyara ba ne, gaisuwa ce. Nemi mutum uku ko huɗu, ku ware yamma ɗaya a mako, a fada ko a gidan matasa, ko a ƙaramin zauren WhatsApp in ƴan mata ne da fita ke musu wuya. Wani ne zai karanta aikinka da ƙarfi, kai kuma ka yi shiru. Duk inda ya yi tuntuɓe ka sa alama. Tambayoyi biyu sun isa: a ina hankalinka ya tafi wani wuri, kuma wace magana ce ba ka yarda mutumin nan zai faɗa ba? Bayan haka ka ajiye aikin mako biyu kafin ka taɓa shi. In akwai wani mushe da ya koyar a makarantun da ake karantarwa da harsunan gida, kai masa ya duba maka ƙa'ida, ka gaishe shi da goro.

Manhajojin basirar na'ura irin su ChatGPT, da kuma Google Translate, suna da amfani wajen fahimtar sharuɗɗan gasa da aka rubuta da Ingilishi. Kada ka ba su waƙarka su rubuta. Ba sa jin tsawon wasali, don haka kari ba ya zauna musu, suna ƙirƙiro karin maganar da ba Bahaushen da ya taɓa faɗa, kuma za su goge maka Adarancin nan da muka ce shi ne jarinka.

Mataki na goma: fitarwa, haƙƙi da kuɗi

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijar ta 2010 tana kare aiki tun daga ƙirƙirarsa, amma ranar gardama shaida ake tambaya. Imel ɗin da ka aika wa kanka yana ɗauke da kwanan wata, kayenka ma shaida ne. Idan aikin ya yi girma, ko wani mawaƙi zai rera baitocinka, misali don gasar Ɗan Gurmu da aka saba yi a nan Tawa, ku rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, ka kuma tuntuɓi hukumar BNDA mai kula da haƙƙin masu fasaha. Sa sunanka cikin baitin rufewa kamar yadda mawaƙan dā ke yi, domin mai kwafe waƙa yakan yanke sunan da ke sama ya bar na ciki.

Fayil ɗin da ya shiga WhatsApp ya fita hannunka ke nan. In sayarwa kake so, saki babi biyu ko uku kyauta, sauran a ba wanda ya biya, kuma ka sa a ranka cewa duk da haka wani zai tura wa wani. Yawancin masu sayen labaran Hausa a waya suna Najeriya, da naira suke biya, kai kuma sefa kake ci. Tun kafin ka yi talla ka shirya da amintaccen mutum mai asusun can, a Ƙwanni ba a rasa ba, ku yi magana a fili kan canji da kasonsa. Masu karatu na gida kuwa kuɗin waya ko gidajen aika kuɗi sun wadatar.

Ga mai son takarda, a Yamai akwai gidajen ɗab'i irin su Gashingo da Albasa da suka fitar da littattafai cikin harsunan gida. Ko wa za ka kai wa, tambayi abu huɗu kafin ka sa hannu: kwafi nawa za a buga, nawa ne kasonka a kowane kwafi, shekara nawa haƙƙin zai zauna a hannunsu, kuma littafin zai samu lambar ISBN? Wanda ya ce ka biya kuɗin bugu gaba ɗaya sannan haƙƙi ya zama nasa, tashi ka ba shi wuri.

Gasa hanya ce mai kyau, littattafan ƙagaggun labarai na farko na Hausar boko ma daga gasar 1933 suka fito. Hikayata ta BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta gajerun labarai, jaridar Aminiya ma ta shirya irin tata. Sharuɗɗa na sauyawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka ka karanta sanarwar bana a shafin masu gasar da kansu, ba hoton da aka turo a zaure ba. Duba ko ɗan Nijar na iya shiga: gasar gajerun labarai ta Commonwealth, alal misali, ta ƴan ƙasashen ƙungiyar ce kawai, Nijar kuwa ba ta ciki. Duba adadin kalmomi, shekarun haihuwa, da ko an yarda da aikin da aka taɓa ɗorawa a intanet, domin gasa da yawa suna ɗaukar abin da ka sa a Facebook a matsayin wanda aka riga aka wallafa. Wadda ta nemi kuɗin rajista ta lambar wani mutum, ba sunayen alƙalai, ba sunan wanda ya ci bara, ka bar ta. Sa wa fayil ɗin sunanka da sunan labarin, ka tura kwana uku kafin a rufe saboda kuran da layi ba su da alkawari, ka ɗauki hoton allon da ke nuna saƙon ya tafi.